Wankan Litinin na Inna Zumreta

Inna Zumreta ko gaisuwa za ta yi sai ka ɗauka faɗa ne. Shekara talatin ta yi tana murza ƙullun burek, wani abinci mai kama da samosa, a gidan burodin unguwarmu a garin Travnik. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma babu ɗan unguwar da kunnensa bai san hannunta ba. Tsakanin gidanta da namu akwai 'yar ƙofar nan ta jikin katanga da kowane gida ke da ita zuwa na maƙwabci, mata su yi ta kai da kawowa ba su taka titi ba.

Shekarar da ciwon huhu ya kwantar da mamanmu a asibiti, babanmu ya riga ya rasu. Ina da shekara sha ɗaya, ƙanwata Senada na da biyar. Sai muka ji ma'aikaciyar kula da yara na tafe, in ta tarar babu babba a gidan, sai gidan marayu.

Ranar da matar ta ƙwanƙwasa ƙofar waje, kafin in zare sakata Inna ta faɗo ta 'yar ƙofar da tukunyar wake, ta zauna daram a kujerar mama.

"Nan nake kwana, nan nake tashi," in ji Inna, matar na shigowa. "Rubuta!"

Matar ba ta rubuta ba. Ta durƙusa gaban Senada. "'Yan mata, wa ke yi miki wanka?"

"Litinin Inna Zumreta, ita da zafi take dirza. Talata Anti Ljubica." Haka Senada ta jero sunayen matan maƙwabtanmu bakwai tas. "Mai wanka ita ke kwana da mu. Inna kuma ga gidanta can."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ke dai Allah Ya shirye ki, bakin ganga!" in ji Inna, sai hawaye shar. Ta juya ga matar. "Ƙarya na yi, baiwar Allah. Ni za ki hukunta. Kada ki ɗauke su, uwarsu ta dawo ta tarar da kango."

Matar ta dubi takardarta.

"Inda zan kai su, mace ɗaya ce kan yara ashirin," ta ce. Ta zare murfin biro, ta dubi Senada. "Maimaita min a hankali in rubuta. Wa ke da Laraba?"