Inshorar Yarinyar da Muka Ɗauko Riƙo

Shekararmu goma sha ɗaya da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni ina aiki a wani kantin magani a unguwar Abu Hail da ke Dubai, maigidana kuma injiniya ne a kamfanin gine-gine. Da muka yanke shawarar ɗauko riƙo daga gida, sai da muka yi wata takwas muna zarya tsakanin Dubai da Kano kafin kotu ta damƙa mana wata marainiya 'yar shekara biyu.

A ofishin da muka sayi tikitin dawowa, matar da ke wurin ta tambaye mu inshorar yarinyar. Maigida ya ce ai ta wurin aikinsa ta haɗa da iyali. Ta ce ya dai bincika. Da ya kira masu inshorar wurin aikinsa, suka ce sai yarinya ta sami takardar zama tukun, ita kuwa da bizar ziyara za ta shiga. Matar ta ba mu shawarar mu yankar mata inshorar tafiya da sunan da ke fasfonta, a rubuta mu a matsayin masu riƙo. Na ɗauka ciniki kawai take nema, amma muka yanka.

Kwana huɗu da saukarmu yarinyar ta tashi da zazzaɓi. Da hantsi ina lallaɓa ta ta sha kunu, sai na ga idanunta sun kakkafe, jikinta ya ɗauki jijjiga. Duk ilimin magani da nake taƙama da shi ya gudu. Na suri yarinya, ko takalmi ban saka daidai ba, na tare tasi.

A asibiti ma'aikatan jinya suka karɓe ta suka shige, ni kuma aka tsayar da ni a wurin rajista. Ma'aikaciyar ta dubi fasfon yarinyar, ta dubi katina, ta ga sunayen ba su haɗu ba.

"Mece ce ke a wurinta?"

Ban haife ta ba, kuma takardun kotu suna gida cikin wata jar jaka. Na taɓa jin mata suna hira cewa idan aka ga yaro a hannun wanda ba iyayensa ba, sai an kira hukuma. Ban san gaskiyar maganar ba. Ina tsoron ta mutu, ina kuma tsoron ta rayu a raba ni da ita.

Na buɗe waya na nuna takardar inshorar. Ta karanta a hankali har ta kai inda sunana yake, ta ce khalas, wato shi ke nan, in zauna, amma a kawo takardun kotu. Na kira maigida yana wurin aiki a unguwar Muhaisnah. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ka biya gida ka ɗauko jar jakar nan, muna asibiti."

Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, tun daga gida ta taho da shi. Wannan ya sake tayar mana da hankali, domin kamfanin inshorar ya ce sai ya duba ko ciwon ya riga tafiyar kafin ya biya. Muka zauna a kan benci, maigida rungume da jakar. Bayan la'asar suka amince, tunda ba a san da ciwon ba kafin mu taso.

Da aka bar ni na shiga, na same ta tana barci, an ɗaura mata ƙarin ruwa a ƙafa saboda jijiyar hannu ta ƙi samuwa. Kwananmu uku aka sallame mu. Takardar zamanta ba ta fito ba sai bayan wata biyu, kuma a tsawon lokacin ko shagon ƙasan benenmu zan je sayen madara, da kwafin takardun kotu a jakata nake sauka.