Gilashin da Na Sa wa Shagon Yayana

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da jajibirin wata Babbar Sallah a Kebbe ba. Ni mai aikin gilashi ne a Tambuwal, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai, gani nake babu wanda ya kai ni iya yanka.

Yayana tela ne a Kebbe, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da ya gyara shagonsa sai ya ce in sa masa babbar taga, don a nan zai ajiye kekensa na ɗinki saboda haske. Ni da bakina na ba shi labarin gilashi mai leda a tsakiya, wato falle biyu da aka manne, wanda ko ya fashe ledar za ta riƙe shi.

Ya ce, "To ƙanena, shi za ka sa min. Nan nika wuni, hannuna jikin tagar."

Na samo shi daga Sakkwato, mai duhu, irin wanda daga waje kamar madubi. Na naɗe shi da kwali na ɗaura a babur. Wanda ya san hanyar Kebbe ya san sauran. Wani rami na faɗa, na ji ƙas! Da na buɗe, ya tsage daga sama har ƙasa, amma ko ɓarɓashi bai zuba ba. Wallahi da na sa shi a haka, da ya yi aikinsa. Kunya ce ta hana ni, wai kada a ce gwani ya sa tsagagge. Na juya Tambuwal, na yanko gilashi falle ɗaya mai irin launin, na je na ɗaura, ban gaya masa na canza ba.

Ranar jajibiri da hantsi ina shagon, na zo karɓar kayan Sallata. Wani maƙwabci ya biyo da ragon layyarsa, ƙato mai ƙaho. Ragon ya ga kansa a tagar, ya ɗauka wani ne. Kafin a ce mene ne, ya fizge igiya, ya ja da baya, ya zabura ya tunkuyi tagar.

Innalillahi! Gilashin ya zubo kamar wuƙaƙe. Wani dogon yanki ya sauka a wuyan hannun Yaya na dama, jini ya jiƙa shaddar mutane. Muka ɗaure da ƙyalle muka yi asibiti. An tsayar da jinin, amma jijiyoyi sun yanke. Yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba, almakashi ma ya gagare shi riƙewa. Kekensa yana nan a zaure an lulluɓe da buhu.

Abin da ke cin raina shi ne, Yaya bai san bambancin gilashi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna ni ya ce, "Ku gode wa Allah, gilashi mai kyau ƙanena ya sa. Da na banza ne, ai da wuyana ya yanke."

Shekaru ke nan yana faɗin haka, ni kuwa ina sunkuyar da kai. Sau da yawa na hau babur da niyyar gaya masa, in na ga hannun sai in fasa.

Na koyi cewa in mutum ya yarda da kai a kan abin da bai sani ba, jikinsa ya ba ka amana. Na koya, amma hannun Yaya ne ya biya, kuma har yau godiya yake min.