Hannun Kawu Chebo Da Ba Ya Sakin Igiya

Da na dawo La Ventana, garinmu na bakin teku, daga karatu a Monterrey, na tarar da kawuna Chebo Geraldo da tabo a goshi, yana ɗingishi. Na zaci faɗa ya yi. Ashe hawan ruwa da laima yake koyo, wasan da iska ke jan wata babbar laima a sama, ita kuma ta ja mutum a kan allo a bisa ruwa.

Masunci ne tun yana yaro, da igiyar hannu yake kamun babban kifin tekun nan da ake kira tuna. Ubansa ya taɓa marinsa a tsakiyar teku don ya saki kifi, daga ranar bai ƙara sakin igiya ba. Shekara da shekaru yana zaune a jirginsa yana kallon tsofaffin baƙi daga Kanada suna wuce shi a kan allo, iska na jan su. Da ya haura hamsin sai ya ce wa 'yarsa Maribel, wadda koyar da wasan ne sana'arta, ta koya masa.

Na tambaye ta tsawon lokacin da sabon shiga ke ɗauka. Ta ce yawanci cikin mako guda mutum yakan miƙe a kan allo. Babanta kuwa ya cinye lokacin sanyi guda yana shan ƙasa.

Matsalar ɗaya ce. Idan iska ta fizgi laima, sakin sandar da ake sarrafa ta da ita ake yi, laimar ta mutu ta faɗi. Wanda ya ja sandar, ƙarfi ya ƙara mata. Kawu ya san haka sarai, hannunsa ne ya ƙi ji. Laimar ta taɓa jan sa rubda ciki a kan tsakuwa har fatar ƙirjinsa ta saɓule. Wata rana ta ɗaga shi sama ta maka shi cikin ƙayar bakin gaɓa, aka kwantar da shi ana cire masa ƙaya da hantsaki, masunta na dariya.

"Chebo, kifi ya kama ka yau ma?" in ji Lencho, abokin kamun kifinsa.

"Kai da ko wankan teku tsoro kake ji, rufe mana baki."

Maribel ba ta dariya. "Baba, igiyar nan ba ta kifi ba ce. Sirirya ce kamar reza. Da hannun nan kake ci, za ta raba ka da shi."

"Ke yarinya, ni za ki koya wa igiya?"

Ranar da abin ya faru ina bakin ruwa. Iskar arewa ta taso da ƙarfi tun hantsi. Laimarsa ta faɗi cikin igiyar ruwa, ta fara jan sa can nesa. Maimakon ya ja maɓallin da ke raba shi da ita, sai ya cafki igiyoyin ya naɗe su a hannun dama, yadda yake yi wa babban kifi.

"Baba, saki! Saki!"

Iska ta cika laimar, ta tashi da ƙara kamar an harba bindiga. Ta tsamo shi daga ruwa ta jefar, ta sake tsamo shi. Maribel ta afka ruwa da wuƙarta ta yanke igiyoyin. Da muka jawo shi kan yashi, jini na tsartuwa daga hannunsa, yatsu biyu babu. Lencho ya tuɓe riga ya ɗaure wurin, yana zaginsa yana kuka. A motata muka kai shi asibiti a La Paz.

Hannun ya warke, amma ba ya iya riƙe tuna. Ya gwada, igiyar ta zame ta tafi da kifin. Lencho ne ke fita da jirgin yanzu.

Da iskar arewa ta dawo, Kawu ya sake ɗaura ɗamarar laima. Maribel ta ƙi, ya nace. Iska ta fizga, sandar ta kuɓuce daga yatsu ukun nan, laimar ta faɗi salin alin. Kafin ƙarshen makon ya miƙe a kan allo.

Idan baƙo ya tambaye shi kwana nawa ake koyo, sai ya ɗaga hannun dama mai yatsu ukun ya nuna masa.