Sauran Kakin Malam Yahuza

A duk faɗin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa babu wanda ya kama ƙafar Malam Yahuza na Sheme a zubin tagulla. Kowa ya yarda da haka, kuma yardar ba ta da wuya, domin tun da ƙanen mahaifinsa ya rasu babu mai yin sana'ar sai shi.

Maƙerin fari ne ɗan maƙeran fari. Kakansa mundaye yake zubawa da zobba da 'yan ƙararrawa, shi ma da su ya fara, har zuwa lokacin da mata suka gano munduwar kanti ta fi sheƙi kuma ba ta barin kore a hannu. Da wani ne da ya koma gona gaba ɗaya. Malam Yahuza sai ya koma wa injuna: bakin abin feshi, kan famfo, ɗan haƙorin keken ɗinki, duk wani ƙaramin abin tagulla da in ya lalace sai an je Funtuwa, a can ma a ce a dawo wani mako.

Aikin ba shi da wani asiri, ko da yake shi ba ya so a faɗi haka. Da kakin zuma yake fara sassaƙa abin daidai yadda ake son sa. Ya lulluɓe shi da yumɓu mai laushi da aka kwaɓa da kashin jaki, ya bar ɗan baki, ya shanya. In ya bushe ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. A wannan gurbi ake zuba narkakkiyar tagulla ta tsoffin kwaɗuna da makullai, in ta huce a fasa yumɓun. Kakin da ya tsiyaye yana tare shi a kwanon ruwa, amma ba duka ke dawowa ba. Yumɓu ya sha nasa, wuta ta ci nata.

A da wannan asara ba ta damun sa, saboda akwai Ɗanhausa, wani Bamaguje mai amyoyi a dajin bayan Daudawa, wanda ke kawo masa kaki duk shekara. Da 'yan bindiga suka kama dajin, Ɗanhausa ya kwaso iyalinsa ya dawo Sheme. Amyoyin suna can, an ce ma zuman ya yi albarka, sai dai ba a sami wanda ya gaji da ransa ba balle ya je ya duba. Malam Yahuza ya gwada kyandir, ya tarar yana marmashewa a ƙarƙashin wuƙa, in an gasa kuma ya tsaga yumɓun. Abin da ya rage masa na gaske curi ne kamar ƙwan zabo. Ya naɗe shi a tsumma, ya daina karɓar aikin ado.

Ana haka famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu ya daina ba da ruwa. Wanda ya haƙa rijiyar ya daɗe da canja lambar waya. Mata suka koma ɗiba a rafin bayan gari, inda yanzu ba a zuwa sai an haɗa ayari. Kamilu mai gyaran famfo ya tara maza aka zaro bututun daga ƙasa, ya kwance, ya fito da wani ɗan bawul na tagulla mai kamar murfin kwalba, wanda ke tare ruwa kada ya koma ƙasa. Bawul ɗin ya cinye. Kamilu ya nema a Funtuwa bai sami irinsa ba, sai ya kawo wa Malam Yahuza.

Malam Yahuza ya yi abin da ya saba. Ya danna tsohon bawul a yumɓu, ya ɗauki siffarsa da kaki, ya zuba. Aiki ya fito tsaf, ko tabon da ke jikin tsohon bai ɓace ba. Aka sake tara maza, aka zura bututu, aka yi ta tuƙawa. Famfon ya yi tari, ya yi shiru. Da aka zaro, Kamilu ya jera bawul biyun a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo.

"Baba, ai tsohon ka sake haifa mani," in ji shi. "Har cinyewar ka kwaikwayo."

Malam Yahuza ya ce abin da aka ba shi ya zuba, shi bai taɓa ganin bawul ɗin nan da ƙuruciyarsa ba. Gaskiya ya faɗa, amma kakin ya riga ya ragu.

Daga nan aikin ya zama na kintace. Ya ƙara wa bakin kauri ya sake zubawa, bawul ya ƙi shiga mazauninsa. Ya rage, ya shiga yana yoyo. Kowane gwaji sai an tara maza sun ja bututu, kuma kowane taro ya fi na baya ƙaranci. Wasu suka fara tuna suna da aiki a gona. Curin ya sauko ya koma kamar goro.

Ɗanhausa, wanda yanzu ba shi da aikin da ya wuce zama a bakin maƙerar, ya ba shi shawara kyauta.

"Maƙeri, bar shi haka nan. Aje ɗan kakin nan, in ka mutu a sami shaidar ka taɓa yin sana'a."

"Kai da ka bar wa ƙudan zuma gadonka tun kana da rai, kai za ka koya mani ajiya?"

Ɗanhausa ya ce shi dai magadansa suna aiki, ba kamar na wasu ba.

Malam Yahuza ya daina kallon bawul ɗin, ya sa Kamilu ya kawo masa mazaunin gaba ɗaya. Ya danna kaki a cikinsa, ya bar mazaunin ya faɗa masa girman abin da ya rasa. Ya lura kuma tagulla tana ɗan tsukewa in ta huce, don haka sai an ƙara wa kakin fata guda, kamar ɓawon albasa. Nan ne kakin ya gaza. Siffa ta kammala, babu na tsomawa don ƙarin fatar, babu na hanyar da tagulla za ta bi. Ya kankare tsumman, ya kankare kwanon, bai isa ba. Ya rufe aikin da ƙwarya.

Da safe Ɗanhausa ya zo da tsoffin gorunan zumansa, waɗanda ya ɗauko ranar gudu ya bar buhun dawa, abin da matarsa ba ta daina ambata ba. Ya zauna ya kankare kakin da aka liƙe bakunansu da shi, baƙi ƙirin da tsufa. Ya tura wa Malam Yahuza a kan ganye, ya ce bashi ba ne, kyauta kuma ba ce, so yake ya ga ƙarshen taurin kai.

Aka tace, aka tsoma, aka lulluɓe. A wajen gashi kusan babu abin da ya sauko kwanon. Maza ba su taru ba a wannan karo, sai mata suka kama bututun da kansu, Kamilu yana ba da umarni a hankali. Aka tuƙa. Ruwa ya zo ja, sannan ya washe, kuma da aka bar famfon ya huta aka dawo, bugu ɗaya ya kawo. Mai unguwa ya yi jawabi, ya ce irin su Malam Yahuza ne ƙashin bayan ƙasa. Malam Yahuza kuwa ya koma gida ya rataya amya a tsamiyar bayan katangarsa, bisa koyarwar Ɗanhausa, yana duba ta safe da yamma. Ƙudan zuma ba su shiga ba tukuna.

Irin wannan famfo bawul biyu gare shi, na sama da na ƙasa. Ranar Talatar da ta wuce Kamilu ya kawo masa ɗayan, shi ma ya cinye.