Ranar da Laftof ɗin Abokina Ya Ƙi Tashi

A shekarun da nake gyaran kwamfuta a Tsafe, shagona ɗan ƙarami ne a bakin kasuwa, bango ɗaya da wata Hajiya mai sayar da atamfa. Abin da na fi dogara da shi a sana'ar wani faifan gyara ne da ubangidana ya ba ni a Gusau. Idan kwamfuta ta ƙi tashi sai in zura mata shi, ta tashi ta kansa, in shiga cikinta in ga inda cutar take.

Wata ranar kasuwa abokina ya zo. Tare muka yi sakandare a Gusau. Bafillace ne daga rugagen Bungudu, ya karanci lafiyar dabbobi, yana yawo a babur yana yi wa shanu allura. Ranar garin ba daɗi. Jiya-jiyan nan 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye ta wajen 'Yankuzo, da safen aka yi jana'iza, mutanen ƙauyen da yawa sun kwararo cikin gari.

Na ce masa, "Kai kuwa mi ya fito da kai yau?"

Ya ce, "Injiniya, aikina duk yana cikin abin ga, kuma ya ƙi tashi."

Laftof ɗin irin siraran nan ne da ba su da wurin sa faifai. Dole sai na juye faifan a filashi, yadda laftof ɗin zai tashi ta kan filashin. Na kunna janareto, na sa faifan a tsohuwar kwamfutar tebur, na kwafe shi gaba ɗaya ya zama fayil guda. Faifan ya sha karce, sai gurnani yake kafin ya ba da hanya. Na soka filashi, manhajar ta gargaɗe ni cewa duk abin da ke ciki zai goge, na amince. Koren layi ya fara jan ciki a allo.

Bai kai rabi ba ƙofar shagon ta yi duhu. Samari ne riƙe da gorori da adduna, ɗaya da bindigar toka. Na san wasunsu, wasu kuma baƙi ne daga ƙauyen. Wani dogo mai jan rawani ya nuna abokina da gora.

"Kai, mi kake yi da kwamfuta?"

"Gyara na kawo, Malam."

"Infoma! Da ita kuke nuna musu gidajenmu. Buɗe ta!"

Abokina ya danna madanni, allon ya kawo baƙi da ɗan rubutun Turanci, ya tsaya. Na ce, "Don Allah ku saurara, lalacewa ta yi. Ga abin da zai buɗe ta nan ina haɗawa, ku ɗan jira."

Ba wanda ya ji ni. A wurinsu ƙin buɗewa ya yi. Dogon ya sauke masa gora a gefen kai, ƙarar ta yi kamar an fasa ƙwarya. Suka ja shi waje ta wuyan riga. Na riƙo hannun ɗaya, ya juyo ya daki bakina da gindin adda, na ji haƙori yana yawo a kan harshena. Garin turereniya wani ya yi fatali da wayar wuta, kwamfutar tebur ta mutu, aikin filashin ya lalace.

A waje kuwa duka ake ta kowane ɓangare. Abokina ya dunƙule, ya rufe kansa da hannuwa, gorori na sauka a yatsunsa. Ina jin yana kiran sunana, daga baya ya koma salati, daga baya ya yi shiru. Wani ya banka wa babur ɗinsa wuta. Wani yana ihu a kawo taya.

Hajiya ce ta ratsa su. Mace ce mai jiki, ba ta saurin tafiya, amma ranar ban ga lokacin da ta iso ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, ta lulluɓe shi da hijabinta. Gora ɗaya ta same ta a kafaɗa kafin hannuwa su tsaya.

Ta ce, "To ku haɗa da ni. Wanda bai da uwa a gida ya fara."

Sai wani dattijo ya matso, rigarsa duk ƙasar maƙabarta. Daga baya na ji cewa 'ya'yansa biyu ya binne da safen. Ya dube ni ya ce, "Kai mai gyara, ka ce kana iya buɗe ta?"

"Ina iyawa, Baba, in an ba ni lokaci."

"Tafi ka buɗe. In munka ga abin da muke zato, ba mai hana mu. Kai ma ka sani."

Na koma ciki, biyu suka biyo ni, har da mai bindigar, suka tsaya a kaina. Na mayar da waya, na kunna. Allah ya taimake ni fayil ɗin da na kwafa yana nan, ba sai na koma kan faifan ba. Na sake tura shi cikin filashin. Jinin bakina na ɗiga a kan madannai, ina sharewa da hannun riga. Layin nan ya sake farawa daga farko. Ban taɓa ganin abu mai nawa irinsa ba. Mai bindigar ya ɗora bakinta a kafaɗata, yana tambayata ko saƙo nake aikawa daji. Na ce ya duba da idonsa, ba abin da ke fita daga ɗakin nan.

Da ya cika, na zare filashin na soka a laftof, na kunna ina danna madannin da ke sa shi tashi ta filashi. Karon farko ban danna da wuri ba, ya wuce ni. Na kashe na sake. Sai ga allon gyara ya bayyana. Na buɗe ma'ajiyarsa, na ɗauki laftof ɗin na kai wa dattijon a waje.

Hotuna ne na shanu: bakin saniya mai gyambo, kofato mai ruɓa, maraƙi a kwance. Sai takardun magunguna, sai hoton ɗiyar abokina ranar suna. Dattijon ya sa na bi su ɗaya bayan ɗaya, bai ce in tsallake ko guda ba.

Dogon ya ce, "Shanun sata ne, Baba!"

Dattijon bai ko dube shi ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun abokina da suka leƙo daga ƙarƙashin hijabi. Ya ce, "Ya isa. Ku taho mu tafi." Dogon ya fizge laftof ɗin daga hannuna ya maka shi da ƙasa, ya bi shi da gora har allon ya tarwatse, sannan ya bi sauran.

Wani direba da ya san ni ya kwashe mu zuwa asibiti a Gusau. Hajiya ta shiga motar ta ƙi sauka, ita ta riƙe kan abokina har muka isa. Ya rayu, amma kunnensa na hagu ya mutu, yatsun hannun damansa kuma ba su ƙara riƙe sirinji ba. Yanzu maganin dabbobi yake sayarwa a Gusau. In tafiya ta bi da shi ta Tsafe, ba ya sauka daga mota, ni nake zuwa in same shi.

Bayan na sake buɗe shago, wata safiya na ɗaga kai na ga dattijon nan a ƙofa. Na ba shi benci ya zauna, muka gaisa.

Can ya ce, "Yaron nan, ya tashi?"

Na ce, "Ya tashi, Baba. Sai dai kunne."

Ya jinjina kai, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha.