Mai Sunan Malam

Har yau in na tuna zaman da aka yi a kaina a shagon gyaran rediyo sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Maza cike da benci biyu, kowa ya gyara zaman hula, wai an taru a hukunta mace ɗaya don ta ƙi kama sunan mijinta.

A Karaye muna da 'yar tasharmu ta rediyo. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani mai kuɗi ba. Wani mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa ya harhaɗa ta da tarkacen tsofaffin akwatuna, ya ɗaura eriya a kan doguwar gora a bayan shagonsa, ya jona da batir da faifan sola. In ta ga dama takan kai Yola ta nan kusa da mu da Tudun Kaya, har ƙauyukan da ke kan hanyar Rogo. In ba ta ga dama ba, ko tashar mota ba ta ƙetarewa. Masu sha'awar abin suka kafa ƙungiya, suka naɗa wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma shugaba. Aikinmu cigiyar akuya, sanarwar suna da ɗaurin aure da rasuwa, gaishe-gaishen 'yan ƙungiya, sai taron ƙarshen wata. In iskar damina ta kayar da gorar, a yi gayya a ɗaga ta.

Ni kuwa ban san baƙi ba sai da na yi jika. Ajin yaƙi da jahilci na shiga, ina zama kan tabarma ɗaya da sa'annin 'yata, ina haɗa "ba" da "bi" suna ƙunshe dariya. Ban fasa ba. Da na fara iya karanta takardar asibiti da kaina, sai na ji kunnena ya daina jure yadda mazan nan ke karanta sanarwa a tashar, suna tauna ta kamar ɗanyen rogo, kuma in ta mata ce a tsallake rabi. Na je na yanki katin ƙungiya. Da farko a bakin ƙofa nake zama. Wata safiya mai karanta sanarwa bai zo ba, takardu sun taru, mai gyara ya leƙo ya ce, "Iya, ko za ki gwada?" Na gwada. Tun daga ranar sanarwar safe ta zama tawa. Kujerar roba ce mai tsagaggen baya, amma ni na san abin da na sha kafin in hau ta.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun ranar da aka kawo ni gidan mijina malam ban taɓa kama sunansa ba. Uwata ba ta kama na ubana ba har ta koma ga Allah. Sunan nasa kuma irin wanda rabin mazan ƙasar nan ke amsawa ne, ba a yin mako ban ci karo da shi a takarda ba. In na zo kansa sai in ce "mai sunan malam", in bi shi da laƙabin mutumin da sana'arsa da unguwarsu. Mai sunan malam tela. Mai sunan malam na gidan mai unguwa. A garinmu ai da laƙabi aka fi sanin mutum. Kowa yana ganewa, mata suna ta dariya a tsakar gida, har yara suka mayar da shi waƙa. Shi kansa shugaba ya taɓa miƙewa a taron wata ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Ku ji mace mai tarbiyya. Boko bai cire mata kunya ba." Aka tafa.

Abin da ba a tafa masa ba shi ne maganar wayar makirfo. Igiyar makirfon ta kwance daga gindi, in ka ɗan motsa sai murya ta yanke ta dawo. Na faɗa a taro. Na sake faɗa a na gaba. Mai gyara ya ce ya gaji da liƙe ta, sabuwa take so. Shugaba ya ce za a duba. Abin da aka duba shi ne kalanda: aka buga wa ƙungiya kalanda mai hotunan shugabanni, nasa a tsakiya, kansa ya kai girman faranti. Waya tana nan yadda take.

Wata safiya cikin damina wani ya zo a babur daga Tudun Kaya, ƙafarsa duk taɓo, ya miƙo takardar rasuwa. Mai injin markaɗen garinsu ne, an tashi da gawarsa, za a yi jana'iza da hantsi. Sunan malam gare shi. Ina fama da mura ranar, muryata ta dushe. Na ja makirfo na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa mai sunan malam, mai injin markaɗe na Tudun Kaya, rasuwa. Za a yi jana'iza da hantsi a ƙofar gidansa." Na maimaita kamar yadda aka saba. Mai gyara ya fita shan koko, ba wanda ke riƙe da ƙaramar rediyon da muke jin kanmu da ita. Ashe abin da ya fita gari shi ne salati, sai "Allah ya yi wa", sai shiru, sai "malam", sai shiru, sai "rasuwa". Daga nan wayar ta mutu ɗungurungum. Sauran duk bango na karanta wa.

Na gama, na shiga kasuwa na sayi kayan miya, na kamo hanyar gida. Ina shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jugum. Kafin in tambaya mata suka rufe ni. Wata ta rungume ni tana kuka, wata tana cewa, "Sai haƙuri, sai haƙuri. Wallahi kin yi ƙarfin hali, da bakinki kika faɗa." Na ce me na faɗa? Ta ce, "Malam mana." Ledar tumatir ta suɓuce mini. Malam ya tafi gona tun bayan asuba, wayarsa tana ɗaki ba caji. Sai na ɗauka wani abu ne ya same shi a can aka riga ni ji. Na zauna a ƙasa a soro. Abin da na ji a zaman nan ba na yi wa maƙiyina fatansa.

Muna haka sai ga shi a kan kekensa, fartanya a kafaɗa. Ya sauka ya yi sallama, kowa ya zuba masa ido. Ya dubi tabarmi ya ce, "Subhanallahi, wa ya rasu?" Wani tsoho ya ce, "Kai." Nan wasu suka tashi da gudu, wasu suka fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Yayar malam tana aure a Rogo, tana da hawan jini. Wani a ƙauyen hanya ya ji, ya buga mata waya, ta faɗi a tsakar gida sai da aka yayyafa mata ruwa. Da azahar ta iso, mayafi a karkace, ta ga ƙanenta yana alwala. Ta juyo kaina ta ce, "Ke, da ranki da lafiyarki kika kashe mini ɗan'uwa a rediyo?" Na ce, "Yaya, ki tsaya ki ji." Ta ce ba abin da za ta ji. Shi kuma mamacin na gaskiya, ƙanensa da ke can wani ƙauye bai ji komai ba, sai bayan an dawo daga maƙabarta ya iso. Na je musu gaisuwa. Ƙanen nan gaisuwata kawai ya amsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kira taron gaggawa. Na zo da shirin a yi maganar waya. Shugaba ya buɗe da addu'a, ya gyara murya, ya ce an zubar da mutuncin ƙungiya a idon duniya, kuma kowa ya san musabbabi. Ya ce, "Rediyo ba tsakar gida ba ce. Ba a kawo mana kunyar ɗaki a nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wayar fa?"

Ya ce, "Ba maganar waya ake ba."

Na ce, "Ita ake. Na faɗi sana'ar mutumin, na faɗi garinsu. Wa ya cinye? Ni ko ita? Da sunan na kama ƙarara, ta yanke a wurin, me za a ji? Allah ya yi wa shiru rasuwa?"

Wani daga baya ya yi dariya, shugaba ya harare shi. Na juya wurin mai gyara na ce ya faɗa musu tun yaushe nake kuka da igiyar nan. Ya sunkuyar da kai yana juya sukudireba, ya ce shi dai abin da manya suka gani. Shagonsa ne, injinsa ne, amma ya zama kurma.

Shugaba ya ce an yanke shawara: daga yau duk mai karanta sanarwa zai karanta suna yadda yake a rubuce. Wanda ba zai iya ba ya ba da kujera. Ai kuwa akwai mai jiran ta, wani ƙanen matarsa da ke zaune a gefensa yana ta gyaɗa kai. Sai wani mai sayar da taki, wanda bai taɓa karanta layi biyu bai yi tuntuɓe ba, ya ce, "To Iya, a yi gwaji mana. Faɗi mana shi yanzu mu ji ko zai fito." Suka kwashe da dariya, har da tafa hannu. Nan na gane ba jana'izar da aka rasa ce ta dame su ba. So suke su ga tsohuwa ta tuɓe kunyarta a gabansu su sha kallo.

Na ce masa, "Kai, matarka tana kama sunanka?"

Ya ce, "Ta isa?"

Na ce, "To ni ce marar gata?"

Na ɗau mayafina na fita, ban jira addu'ar tashi ba.

Da yamma bayan la'asar na sami malam yana gyaran ƙotar fartanya a gindin darbejiya. Na zayyana masa komai. Ya juya ƙotar yana dubawa. Can ya ce, "Sunan nan ai ba nawa ba ne ni kaɗai. In kin faɗa a can, na mai takarda kika faɗa." Na ce, "Malam, bakina ne dai zai faɗa." Ya ce, "Kin fi son ki dawo ki zauna kina jin yaron can yana kashe mutane da rai?" Na ce ai ni ma an ce na kashe ɗaya. Ya yi murmushi ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Iyakar abin da na samu a wurinsa ke nan, kuma ya ishe ni.

Ba a jima ba sunan ya zo, a sanarwar raɗin suna. Na gan shi tun daga nesa a tsakiyar takarda, yana jirana. Na karanta layin farko, na zo kansa. Na faɗe shi. Ban rage murya ba, ban yi sauri ba. Na ƙarasa takardar, na ɗauki ta gaba.

Kafin magariba magana ta zaga gari: ta kama sunan miji a iska, duk duniya na ji. Su wa suka fi yaɗa ta? Mutanen benci biyun nan, a majalisarsu ta ƙofar masallaci. Mai taki har yana kwaikwayon muryata. Yaya ta aiko daga Rogo cewa da ma ta san ƙarshen karatun tsufa ke nan, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba. Matan da muke zuwa biki tare, wasu suka fara amsa gaisuwata a taƙaice. Kujera dai tana hannuna, ƙanen matar shugaba yana nan yana jira.

Da taron ƙarshen wata ya zo, na shiga na zauna a benci, ba a bakin ƙofa ba. Shugaba ya ce ko akwai mai magana. Na miƙe, na kira shi da sunansa na yanka, tsirara, ba Alhaji, ba ranka ya daɗe, na ce ina da ƙorafi. Ya zare tabarau ya ce, "Ke! Ni sa'anki ne?"

Na ce, "Na kama na wanda ya aure ni, ya ciyar da ni, na haifa masa 'ya'ya. Kai ka sa ni. Naka ne zai gagare ni?"