Tambayar Kwalekwale

Ina da shekara ashirin da bakwai aka miƙa min alli aka ce in koya wa mutane bambancin daidai da kuskure. Lokacin Jalingo bai daɗe da zama babban birnin jiha ba, ana ta buɗe ofisoshi, ana neman duk wanda ya riƙe takardar digiri. Na sauka a tashar mota da akwati ɗaya, rabinsa littattafai, da girman kan da ya fi akwatin nauyi.

Darasin da aka ɗora min a kwalejin horar da malamai shi ne gabatarwa ga falsafar ɗabi'a, kuma dole ne ga kowane ɗan shekarar farko. Wanda ya faɗi shi ba zai wuce ba. Ajin cike yake maƙil, wasu a kan benci, wasu a kan taga. Akwai yara da suka fito sakandare jiya-jiya, akwai kuma tsofaffin malaman firamare da aka ce musu tsohuwar takardarsu ta daina aiki, ko su ƙaro karatu ko su ba wasu wuri.

Cikin waɗannan akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Hedimasta. Shugaban wata firamare ne a wani ƙauyen bakin kogi, can gaba da garin Mutum Biyu. Ya haife ni da kyau. Kullum yana bencin gaba, da farar riga mai gajeren hannu wadda wanki ya cinye wuyanta, yana rubuta duk abin da na faɗa, har tarin da na yi ina jin yana rubutawa. Tun makon farko ya same ni a bakin ofis, ya cire hula, ya ce, "Malam, ni wannan takarda in ban samu shi ba, za su cire ni a makaranta na. Ka yi haƙuri da kai na, ya tsufa." Na ce masa a ajina ba a cin jarrabawa da furfura. Haka bakina yake a lokacin, kuma ina ganin hakan burgewa ne.

A littafin da nake koyarwa da shi akwai wani misali na jirgin ƙasa da birkinsa ya tsinke, mutum biyar a kan layi ɗaya, mutum ɗaya a kan ɗayan, a ce ka zaɓi inda za ka karkatar da shi. Na zana shi a allo da kyau. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya kai su kwanciya a hanyar jirgi?" Wata ta ce ita ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a kalanda. Ajin ya ɓarke da dariya, darasin ya watse.

Na koma ɗakina a unguwar Barade ina huci. Kafin in gama cin abinci dabara ta zo min, har na yaba wa kaina. Tunda ba su san jirgin ƙasa ba, ai sun san ruwa. Ni ɗan tudu ne, a garinmu ruwan da ya fi kowane girma shi ne kududdufin bayan kasuwa, ban taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. A wurina kogi misali ne kawai, kamar jirgin.

Washegari na shiga na ce, "Kana cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, da mahaifiyarka, da ɗanka. Kwalekwale ya kife. Mutum ɗaya za ka iya fitarwa. Wa za ka ɗauka?"

Ban rufe baki ba ajin ya ɗauka gaba ɗaya: "Allah ya kiyaye!" Musulmi da Kirista, wasu da Hausa, wasu da Fillanci, wasu da Turanci, mata suna kewaya kai da hannu suna karkaɗe yatsu. A nan mutum ba ya sa uwarsa ko ɗansa a bakin masifa ko da wasa, in kuma wani ya sa masa, sai ya yi maza ya kore ta da addu'a. Na san da haka sarai, a gidanmu ma haka ake. Amma na je jami'a na dawo, na ɗauki abin a matsayin ragwancin tunani.

Na buga tebur. Na ce daga yau na hana faɗin "Allah ya kiyaye" a ajina, duk wanda ya faɗa ya fita. Na ce addu'a tana da wurinta, nan wurin hujja ne. Daga nan na bi su layi-layi, kowa ya miƙe ya zaɓa da bakinsa. Wani ya ce uwa, don ba a sake samun wata. Wata ta ce ɗa, don uwar ma abin da za ta ce ke nan. Ina ta jin daɗi, ina rarraba su a allo: waɗannan masu duba sakamako ne, waɗancan masu bin wajibi ne.

Da na zo kan Baba Hedimasta, ya miƙe, ya dafa benci, ya zuba wa allo ido.

Na ce, "Baba, ruwa fa ba ya jira."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Malam, akwai amsa na shi?"

Na ce, "Akwai mana. Ka rubuta taka a gwaji, ni zan gaya maka ko ka yi daidai."

Ƙarya nake yi, babu wata amsa a littafin. Na faɗa ne don in rufe bakinsa in wuce na gaba. Ya gyaɗa kai a hankali, ya zauna, na ga ya rubuta maganar a littafinsa.

Bayan mako biyu na ba da gwajin, tambaya ɗaya tak, ita ce ta kwalekwale, maki talatin. Wanda ya rasa su da wuya ya tsallake a ƙarshen zango. To, ga yadda nake duba takardu a lokacin, kuma ba ni kaɗai ba. Tari ne ya kai gwiwa, ga zafi, ga fanka ba wuta. Ba na karantawa, ido nake gudu da shi a kan shafi ina farautar kalmomin da na koyar. In na ga sunan wata mazhabar falsafa, maki biyar. In na ga "sakamako" ko "wajibi", biyar. Takardar Baba shafi uku ce cif, da ƙananan haruffa a tsare, amma babu ko ɗaya daga cikin kalmomina. Na hango "kasuwa", na hango "damina", na ce wannan tsoho tatsuniya ya zauna yana ba ni. Na ja jan biro daga sama har ƙasa, na rubuta da manyan baƙaƙe: "Kuskure ne. Ba ka da hujja." Na zana sifili na kewaye shi.

Ranar Litinin na raba takardu. Laraba bencin gaba babu kowa a gefen dama. Juma'a ma haka.

Ina fitowa daga aji ranar, wata mata ta tare ni a baranda. Ita ce shugabar ajin, malamar firamare ce ita ma, 'yar ƙabilar Mumuye, doguwa, ba ta da tsoron kowa. A hannunta akwai takarda a naɗe.

Ta ce, "Malam, ka karanta takarda na Baba?"

Na ce, "Madam, wanda bai gamsu da makinsa ba ya zo da kansa."

Ta ce, "Ni ban tambaye ka maki ba. Na ce ka karanta?"

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke ta. Sai ta danna min takardar a ƙirji ta ce, "Kwana huɗu mutum bai ci abinci ba. Ka tsaya nan ka karanta, ina kallon ka."

A tsaye na karanta, ɗalibai suna wucewa ta gefena.

Ya rubuta cewa shekara takwas da suka wuce, cikin damina, suna dawowa daga kasuwar tsallake, shi da mahaifiyarsa da 'yarsa mai shekara uku. Ita kaɗai Allah ya ba shi. Kwalekwalen ya yi lodi da yawa, buhuna da mutane, a tsakiya ya kife. Shi ɗan ruwa ne, ya iya iyo tun yana ƙarami. Da ya taso, hannunsa na hagu ya kama zanen mahaifiyarsa. Ruwan ja ne, ba a ganin komai. Sai ya ji ƙafar yarinya ta bugi wuyansa, ya cafke da dama. Ya gwada ja da su biyun, ruwa ya fi ƙarfinsa, suka nutse tare sau biyu. Ya rubuta: "Sai na buɗe hannun hagu. Ba kuɓucewa ta yi ba, ni na buɗe."

Ya yi iyo da yarinyar a ƙirji har gaɓa. Ya kwantar da ita a kan yashi, ya juyo da fuskarta. Ba 'yarsa ba ce. 'Yar wata maƙwabciyarsu ce, sa'arta, an yi musu kitso iri ɗaya. An samu gawar mahaifiyarsa washegari. Ta 'yarsa ba a samu ba.

A layin ƙarshe ya rubuta: "Malam ya ce zai gaya min ko na yi daidai." A kan wannan layin daidai jan birona ya bi, kuma a ƙarƙashinsa ga rubutuna, manya-manya.

Na zauna a kan dakalin baranda. Na sake duba sifilin, yadda na kewaye shi da kyau, har da ɗan ado. Ban taɓa jin tsoron hannuna ba sai ran nan. Na tuna da "ruwa fa ba ya jira", na tuna dariyar da aka yi.

Matar ta ce, "A unguwar Abbare yake, gidan ƙanin matarsa. Ka tashi."

Da la'asar muka isa a kan babur ɗin haya. Mun same shi a zaure, zaune a kan tabarma, jakarsa a ɗaure a gefe. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, dattijo kamar wannan, wai malaminsa ya zo. Na durƙusa kafin ya miƙe.

Na ce, "Baba, ban karanta ba. Wallahi ban karanta takardarka ba na sa maka wannan."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya ce, "Ba ka karanta ba."

Na ce, "Ban karanta ba."

Ya ce, "Ni na ce mai ilimi ya duba, ya gama magana. Shekara takwas ba wanda ya gaya min. Liman ya ce ƙaddara. Mata na ba ta ce komai. Sai kai ka ce akwai amsa." Ya miƙa hannu, shugabar ajin ta ba shi takardar, ya shimfiɗa ta a kan tabarma a gabana, ya gyara naɗin da tafin hannu. "To yanzu ka karanta. Nawa ne?"

Jan biron yana aljihun rigata, ina jin sa a ƙirjina. In na ce talatin, na ce masa sakin uwarsa daidai ne. In na rage ko ɗaya, me na rage? Na ce, "Baba, ban sani ba. Babu amsa a littafin. Ƙarya na yi maka."

Ya ce, "Ko a Turai?"

Na ce, "Ko a can."

Ya yi wani ɗan murmushi da ban so na gani ba. Na yi maza na ce zan soke gwajin ga kowa da kowa, in ba da wani a kan abin da ke cikin littafi, ya dawo aji don Allah. Ya ce in don tausayi ne ba ya so. Na ce ba tausayi ba ne, tambayar ce ba ta da halin a sa mata maki. Ya shafa igiyar jakarsa.

Can ya ce, "Zan dawo. Ba don hedimasta ba, wannan kujera na gaji da shi. Yarinyan nan, 'yar maƙwabciyan mu, tana makaranta na, aji biyar. Ita take buga ƙararrawa da safe. In sun cire ni, za su kai ni wani gari." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Ina so ta gama aji shida a hannu na. Ita na fitar, Malam. Ita ke nan abin da na fitar."

Shugabar ajin ta juya mana baya tana goge ido da bakin ɗankwali. Ni ko hawayen ma ba su zo ba.

Ya dawo ranar Litinin. Na goge dokar da na kafa ba tare da dogon bayani ba, na ba da sabon gwaji, ya samu sha bakwai da guminsa, kuma na karanta kowace takarda har layin ƙarshe, ya ɗauke ni mako biyu. Tsohuwar takardar kuwa ya ƙi karɓa. Ya ce in ajiye, ran da na san amsar in sa makin in aika masa.

Ranar da aka yi hutu na gamu da shi a bakin ƙofar kwaleji da jakarsa. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse, ya ce min daga inda mota ta tsaya sai an shiga kwalekwale. Kafin in san me nake yi na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce, "Allah ya kiyaye, Baba. Allah ya kiyaye."

Ya ce, "Amin, Malam."

Takardar tana nan cikin akwatin da na zo Jalingo da shi. Na soke sifilin tun ran nan. Gefensa har yau ban rubuta komai ba.